Ruwan sama yana ɗiga a motar da na mayar ɗakin kwana, na kasa gano mashigarsa

Malam Habibu (Mancesta), Lahadi da dare

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin bodin mota da waɗanda suka san aikin rufi, domin wata matsala ta sha mini kai yau kusan makonni huɗu ke nan. Wasunku sun san cewa shekaru biyu da suka wuce na sayi tsohuwar motar kaya, Sprinter ƙirar 2014 mai dogon rufi, na mayar da ita ɗakin kwana saboda mu riƙa fita da iyali lokacin hutun makaranta ba tare da biyan kuɗin otal ba. Yawancin aikin da hannuna na yi shi. Na cusa ulun tumaki a bango da silin domin tare sanyi, na rufe da siririn katako, na yi gado a baya, na yanke rufi na sa tagar sama mai fanka, mai santimita 40 ta kowace fuska, sannan na ɗora faifan sola ɗaya a gabanta.

A farkon watan Oktoba na buɗe motar da safe na tarar katifa ta jiƙe ta gefen hagu, ga ɗigon ruwa yana rataye a kusurwar tagar sama. Na hau tsani na duba gam ɗin da ke kewaye da tagar, ban ga tsaga ba, amma duk da haka na sayo silikon na zagaye ta da shi. Kwana huɗu ba a ga komai ba, har na ɗauka magana ta ƙare, sai a rana ta biyar ruwan ya dawo a daidai wurin da ya saba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ba kowane ruwa ne yake shiga ba. A makon jiya, da yara suka samu hutun tsakiyar zango, mun kwana uku a yankin tafkuna na arewa maso yammacin Ingila, wanda yana cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwa a ƙasar, ana zuba shi dare da rana, amma ko ɗigo ɗaya bai shigo ba. Da muka dawo gida kuwa, yayyafin dare ɗaya ya isa ya sake jiƙa wurin. Akwai kuma wata laima da nake ji a ƙasa, kusa da tayar baya ta hagu, wadda ban sani ba ko ruwan saman ne yake gangarowa can ko wani abu ne daban. Ta ina ya kamata in fara?

Oga Ɗanjuma mai bodi (Kaduna), Litinin da safe

Wa'alaikumus salam, Malam Habibu. Allah Ya kawo mafita. A tawa fahimtar, duk inda hannun mutum ya yanke ƙarfe, nan ake fara zargi, kuma kai da bakinka ka ce ruwan a kusurwar tagar yake fitowa. Rufin irin wannan mota ba shafaffe ba ne, yana da tudu da kwari, saboda haka idan aka ɗora tagar roba mai miƙaƙƙen gindi a kansa, sai gam ne kaɗai yake cike gibin da ke cikin kwarin. Idan kuma aka ɗaure sukurorin fiye da kima, robar takan tsage a ƙarƙashin kan sukuron, inda ido ba ya gani sai an cire.

Silikon ɗin nan da ka shafa ne bai yi mini daɗi ba. Idan irin wanda yake warin tsami ne lokacin da ake matsa shi, to yana fitar da wani ruwa mai cin ƙarfe, kuma duk inda fenti ya kuje zai haifar da tsatsa a ƙarƙashinsa. Ban da haka, babu gam ɗin da yake kama silikon, ko da wani silikon ɗin ne sabo, sai an kankare shi tas. Mu nan wajen Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe ta Kaduna, muna yawan karɓar motocin haya da aka huda rufinsu aka ɗora musu kariyar kaya, kowace damina direba ya ƙara shafe a kan na bara, har ranar da za mu ɗaga mu tarar ƙarfen ya zama gari. Shawarata ka cire tagar gaba ɗaya, ka kankare, ka shafa jan fentin hana tsatsa a bakin yankan, ka mayar da ita da gam mai kyau.

Injiniya Lawal (Hambug), Litinin da rana

Duk abin da Oga Ɗanjuma ya faɗa game da silikon gaskiya ne, kuma ko ba daɗe ko ba jima sai an kankare shi. Inda nake da ja shi ne batun cire tagar tun yanzu. Har zuwa wannan lokaci babu abin da ya tabbatar mana cewa ta nan ruwan yake shiga, abin da muka sani kawai shi ne ta nan yake fita. Tagar sama ita ce kaɗai wurin da silin ɗin katako yake da baki a buɗe, don haka duk ruwan da ya shiga tsakanin ƙarfe da katako, ko daga ina ya taso, a nan zai fi samun hanyar saukowa. Idan Malam Habibu ya ɓata yini guda a cikin sanyin Nuwamba yana cire taga mai lafiya, ya mayar, ruwa kuma ya dawo, ya yi asarar kuɗi da lokaci, sannan ya ƙara wa kansa wani sabon abin zargi.

Abin da nake ba da shawara shi ne gwajin tiyo, amma da sharuɗɗansa. A jira ranar da ba a ruwa, motar ta bushe. Mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila, ɗaya yana waje da tiyon da ruwansa yake zuba a hankali kamar na buta. Kada a yi amfani da injin wankin mota mai ƙarfi, domin shi yana iya tura ruwa ta cikin robar da ba ta da laifin komai. A fara daga ƙasa a hau sama, kuma kowane wuri a ba shi aƙalla minti goma kafin a matsa gaba, saboda ruwa yana ɗaukar lokaci kafin ya ratsa ulu ya bayyana. Wanda ya fara daga tsakiyar rufi ya jiƙa komai a lokaci guda, kuma ko ruwan ya fito ba zai san wanne ne ya kawo shi ba.

Wuraren da nake so ka rubuta a takarda ka bi su ɗaya bayan ɗaya su ne robar ƙofofin baya, fitilar birki ta sama, ɗinkin da ya haɗa rufi da bango, ƙananan murafan roba da suke toshe ramukan ɗaura kariya a gefuna biyu na rufin, ramin da wayar sola ta shiga, sai tagar a ƙarshe.

Hajiya Rabi (Jos), Litinin da yamma

Ina yi wa kowa sallama. Malam Habibu, kafin a hau rufi ina so a tabbatar ruwan sama ne, ba gumin ƙarfe ba. Ina da Hiace da na mayar shagon atamfa ina bin kasuwannin ƙauye da ita, kuma a lokacin sanyin nan namu na Jos, idan yaran shagona biyu suka kwana a ciki suka rufe tagogi, da asuba za ka ga rufin yana tsiyaya kamar an yi ruwa, alhali ko hadari babu a sama. Numfashin mutum da tururin shayi ne suke haɗuwa da ƙarfe mai sanyi su koma ruwa. Na yi asarar turmi shida kafin in gane haka, domin fumfuna ta kama su ta wajen ninki. Ku da kuke ƙasar da ta fi mu sanyi, kuma kuna girki a ciki, ina ganin wannan abin dubawa ne.

Ko ma mene ne sanadin, ina roƙonka kada ka mayar da katifar nan yara su kwanta a kai sai ta bushe har cikin sosonta, kuma ka shinshina katakon silin. Idan ya fara warin ruma, to fumfunar ta riga ta kama ta baya, kuma tana tayar wa yara da tari, musamman mai asma.

Injiniya Lawal (Hambug), Litinin da dare

Hajiya ta kawo magana mai muhimmanci, kuma lissafi yana bayanta. Duk kilo ɗaya na gas ɗin girki da aka ƙona yana sakin ruwa kusan kilo ɗaya da rabi a cikin iska, ban da tururin tukunya da numfashin masu barci. Shi ya sa masu irin waɗannan motoci a nan Jamus ba sa toshe kafofin shan iska ko da sanyi ya kai inda ya kai, kuma dalili na biyu ya fi na farko nauyi, wato gubar hayaƙin gas a rufaffen wuri, wadda ba ta da wari kuma tana kisa. Sai dai labarin Malam Habibu ya zo a juye. Daren da mutane suka kwana a ciki suna girki, ba a ga ruwa ba, daren da motar take wayam a ƙofar gida kuma aka gan shi.

Malam Habibu (Mancesta), Litinin da dare

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, katifar tana cikin gida kusa da hita, kuma ba za ta koma ba sai an gama. Gumin da kika ambata muna ganinsa a gilashin gaba duk safiya idan mun kwana a ciki, amma wannan na kusurwar taga ba ya zuwa sai an yi ruwa, ko da kuwa an yi mako ba wanda ya shiga motar. Na kuma duba tankin ruwan sha da bututunsa, duk a bushe suke, kuma suna ɓangaren dama ne. Oga, silikon ɗin mai warin tsami ne kamar yadda ka zata, na karɓi gyara. Ranar Laraba ba ni da aiki, kuma an ce za a samu sararin ruwa, zan yi gwajin tiyo da babban ɗana.

Malam Habibu (Mancesta), Laraba da yamma

Ga abin da ya faru. Tiyon maƙwabcina ya fi nawa tsawo, saboda haka na fito da motar bakin titi, gaban gidansa, muka fara da ƙarfe goma. Mun bi jerin Injiniya ɗaya bayan ɗaya. Ƙofofin baya lafiya, fitilar birki lafiya, ɗinkin rufi lafiya. Na sakar wa tagar sama ruwa minti ashirin cur, ta kowace kusurwa, yarona yana kwance a kan katakon gado da tocila, bai ga komai ba. Na jiƙa faifan sola da ramin wayarsa, nan ma shiru. Mun tashi da azahar hannuwana sun ƙage saboda sanyi, silin kuma a bushe.

Abu ɗaya muka samu. Lokacin da nake zuba ruwa a jikin motar ta hagu, a kan doguwar baƙar robar nan da ke manne a gefe, bayan kamar kwata ɗaya yarona ya ce laimar da ke kusa da taya ta ƙaru. Amma wannan yana ƙasa da gado, ba shi ne zai hau silin ba.

Oga Ɗanjuma mai bodi (Kaduna), Laraba da dare

Tiyo ba iska ba ce, Malam. Ruwan sama yana zuwa da iska tana tura shi ta gefe, yana shiga ƙarƙashin murfin taga inda ruwan tiyo ba ya kaiwa. Har yanzu ban wanke tagar nan ba. Akwai wani gwaji da muke yi idan gilashin gaba yana yoyo: a rufe ƙofofi, a kunna fankar mota a kan mafi ƙarfi tana jawo iskar waje, a shafa ruwan sabulu a bakin gilashin daga waje. Duk inda kafa take, kumfa za ta taso. A babbar mota irin taka fankar ba za ta isa ba, sai an toshe kafofin fitar iska da salatif an ƙara da injin hura iska ta taga, amma yana aiki.

Alhaji Mamman (Damagaram), Alhamis da safe

Salamu alaikum. Ni ba makaniki ba ne, magini ne, kuma na tsufa a kan ɗakunan soro, don haka ku yi mini haƙuri idan na shiga abin da ba fannina ba. Tun ranar Lahadi nake karanta zancen nan, kuma akwai tambayar da ban ga an yi ba. A ɗakin soro, idan mai gida ya nuna mini inda ruwa yake ɗiga, ba na fara haƙa a saman wurin. Ruwa yakan shiga ta bakin indararo ko ta tsagar rawani, ya samu azara ya bi ta, ya yi tafiyar kamu huɗu ko biyar kafin ya sauko a tsakiyar ɗaki. Abin da nake dubawa shi ne inda ruwa yake kwanciya a saman, domin rufin da ruwa yake wucewa a kansa da gudu ba ya yoyo ko da yana da 'yar tsaga, amma inda ya samu wurin zama, ko kafar allura ce sai ya bi ta.

To, Malam Habibu, ɗakina ba ya motsi, naka kuwa yana motsi. Ka ce a wajen tafkuna bai yi yoyo ba, a bakin titi da tiyo bai yi ba, sai a ƙofar gidanka. Yaya ƙasar ƙofar gidan take? Shimfiɗaɗɗiya ce ko tana da gangara? Idan tana da gangara, wane ɓangaren motar ne yake sama idan ka ajiye ta?

Malam Habibu (Mancesta), Alhamis da safe

Baba Alhaji, wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Wurin ajiye motata yana hawa ne zuwa ƙofar gida, kuma kullum da kai nake shiga, saboda haka gaban motar yana sama, bayanta yana ƙasa, tana kuma ɗan karkata hagu. Filin da muka kwana a wajen tafkuna shimfiɗaɗɗe ne, har ma gaban motar ya ɗan yi ƙasa. Titin gaban gidan maƙwabcina shi ma a miƙe yake.

Injiniya Lawal (Hambug), Alhamis da rana

Alhaji ya gano abin da ya wuce mu duka, kuma ni ne na yi sakaci da ban ce a yi gwajin a daidai wurin da motar take kwana ba. Idan gabanta yana sama, ruwan rufi yana bin kwarin nan ne zuwa baya, kuma duk abin da yake shiga ciki shi ma baya zai nufa. Ke nan mashigar tana gaba da tagar, ba a jikinta ba, kuma abin da ke gaba da tagar shi ne faifan sola. Kada a raina yayyafi a wannan lissafi. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce cif, don haka idan rabin rufin da ke gaba ya kai murabba'in mita uku, ruwan dare ɗaya na milimita biyar ya zama lita goma sha biyar da za su bi ta ƙarƙashin faifan nan. Oga Ɗanjuma, bambancin ruwanmu da na gida ke nan: na Kaduna yakan sauko da ƙarfi ya wanke rufi ya wuce, na nan kuwa yana iya yin sa'o'i goma yana tsiyaya a hankali, kuma irinsa ne yake samun lokacin bin ƙaramar kafa.

Game da laimar ƙasa, wannan wata matsala ce daban. Baƙar robar gefen nan da 'yan maƙallai ake kafa ta, waɗanda suke shiga ramuka a jikin ƙarfe. Ruwa kaɗan yakan bi ta nan ya sauka ta cikin bango, kuma an bar masa ƙananan kafofi a can ƙasan bodi domin ya fita. Muddin motar kaya ce mai bango a buɗe, ba wanda yake lura. Malam Habibu, lokacin da kake sa abin tare sanyi, ka zuba wani abu a can gindin bangon?

Sadiku mai sola (Kano), Alhamis da yamma

Yallaɓai Malam Habibu, idan za ka ɗaga faifan, don Allah ka fara rufe fuskarsa da bargo ko kwali, domin muddin haske yana taɓa shi yana ba da wuta, ko da rana ba ta fito ba. Sannan ka cire wayar faifan daga na'urar caji kafin ka taɓa ta batir, idan za ka mayar kuma batir ne farko. Ina kuma so ka lura da yadda wayar take tafiya a cikin silin. Na sha ganin gidajen da ruwa yake bin wayar sola daga kan kwano har cikin ɗaki, shi ya sa muke lanƙwasa ta ta yi ƙasa kaɗan kafin ta shiga rami, domin ɗigon ya faɗi a waje.

Malam Habibu (Mancesta), Asabar da dare

Alhamdu lillahi, an gano shi. Zan ba da labarin dalla-dalla saboda wanda zai zo nema nan gaba.

Da safe na bar motar a inda take kwana, na ɗora tiyo a can gaban rufi, sama da gilashi, na bar ruwa yana gangarowa da kansa. Na cire zoben roba na cikin tagar da fitilar silin guda ɗaya, na barbaɗa hodar jarirai a saman katakon iya inda hannuna ya kai, kamar yadda wani abokin aikina ya koya mini. Minti goma ba komai. Minti ashirin ba komai, har yarona ya fara cewa ƙafarsa ta yi sanyi. A minti na ashirin da biyar ya kira ni, na sauko na ga ɗigo yana taruwa a kusurwar nan. Da na leƙa ta ramin fitilar, sai ga siririn layi a cikin hodar, kamar sawun tana a kan rairayi, ya taho daga gaba yana bin jikin wayar fitila.

Na bi shawarar Sadiku na rufe faifan na cire wayoyi, sannan na kwance shi daga ƙafafunsa. Abin da na tarar a ƙarƙashi shi ne ƙaramin tafki. Ɗaya daga cikin ƙafafun baya da na manna da gam shekaru biyu da suka wuce ta zauna ne a kan kwarin rufin, ta bar 'yar kafa a ƙasanta wadda ruwa yake bi. Ganyen bishiyar maƙwabta da yake zuba tun ƙarshen Satumba ya taru ya ruɓe ya toshe kafar, ruwa ya kwanta a gabanta tsawon kamu ɗaya, zurfinsa bai kai gaɓar yatsa ba. A tsakiyar wannan ruwan akwai wani ɗan tudu mai faɗin kwabo, an shafe shi da farin fenti. Da na sa farce, sai ya ɗago gaba ɗaya: tsohon silikon ne a kan toshiyar roba, a ƙarƙashinsa kuma rami ne da aka huda da injin, bakinsa ya yi jawur da tsatsa. Ga alama wanda ya riƙe motar kafin ni ya taɓa ɗora fitilar gargaɗi irin ta masu aikin hanya, da zai sayar ya cire ta ya toshe ramin haka. Na tuna na ga toshiyar daga ciki lokacin da nake aikin silin, na ɗauka cikin na asali ce, na rufe ta da ulu. Na auna daga ramin zuwa inda ruwan yake ɗiga, mita ɗaya da santimita 30.

Injiniya, amsar tambayarka ita ce e. Na fesa kumfar nan mai kumbura a gindin bangon domin kada sanyi ya shigo, ban san akwai kafofin fitar ruwa a wurin ba. Na cire katako ɗaya na tarar ulun da ke ƙasa ya jiƙe sharkaf, na matse shi a bokiti.

Oga Ɗanjuma mai bodi (Kaduna), Lahadi da safe

Masha Allah. Na yarda tagar ba ta da laifi a wannan karon, kuma Alhaji Mamman ya cancanci jinjina. Amma ka ga abin da na faɗa game da silikon a kan ƙarfe, ga shi ka gani da idonka a ramin nan. Yanzu kada ka sake toshe shi da roba. Ka goge tsatsar da samfefa har sai farin ƙarfe ya fito ta sama da ta ƙasa, ka shafa fentin hana tsatsa, ya bushe. Da a nan ne, walda zan yi masa in shafe, amma kai da ulu da katako a ƙarƙashi kada ka bari wuta ta kusanci rufin nan. Ka yanko ɗan faranti na alminiyom wanda ya fi ramin faɗi da yatsa biyu ta kowane gefe, ka manna shi a kai.

Injiniya Lawal (Hambug), Lahadi da rana

Na goyi bayan farantin. Ka nemi gam irin wanda ake yi domin bodin mota, kamar Sikaflex 522, wanda yake jure rana da ruwa, ka goge wurin da sifirit kafin ka matsa, kuma kada ka danne farantin har gam ɗin ya tsere, ka bar masa kaurin milimita biyu ko uku domin ƙarfe yana motsi da zafi da sanyi. Irin wannan gam ba a son a yi aiki da shi idan ma'aunin zafi ya yi ƙasa da digiri 5, kuma a wannan yanayi yana jinkirin kamawa, don haka ka samu rumfa ko gareji na kwana biyu. Ƙafar faifan kuma a matsar da ita ta hau kan tudu, kwarin ya zauna a buɗe. Kumfar gindin bango sai ka bi ta da haƙuri ka ƙwaƙule har kafofin su buɗe, sannan ka cire robar gefen ka zagaye kowane maƙalli da gam.

Hajiya Rabi (Jos), Lahadi da yamma

Barka da arziki, Malam. Tambayata ita ce ulun da ke cikin silin, tsakanin ramin da tagar. Wata guda yana shan ruwa. Za ka sauke katakon ka fitar da shi, ko za ka bar shi ya bushe a wurin?

Malam Habibu (Mancesta), Lahadi da dare

Hajiya, da na so in bar shi, domin sauke silin ɗin yana nufin kwance akwatunan sama guda biyu, amma da na sa hannu ta ramin fitila na jawo kaɗan, na ji ya fara wari, kuma bayan katakon ya yi ɗige-ɗigen baƙi. Zan sauke layuka uku na hagu in canza ulun. A yanzu na share ganyen, na rufe ramin da salatif mai ƙarfi na wucin gadi, na kuma juya motar ina shiga da baya domin ruwa ya riƙa gangarawa ta gaba. Tun la'asar ake ruwa, na leƙa sau biyu da tocila, kusurwar a bushe take. Wani ɗan uwa da muke sallar Juma'a tare ya ce zai ba ni aron garejinsa ranar Talata da Laraba. Oga Ɗanjuma, idan na zo kankare silikon ɗin da na shafa a bakin tagar, da me zan cire shi ba tare da na kuje fentin ba?

Oga Ɗanjuma mai bodi (Kaduna), Lahadi da dare

Kada ka sa reza ko wuƙa. Ka samu abin kankara na roba mai kauri, ko tsohon katin banki, ka bi shi a kwance a hankali. Abin da ya rage ka murza shi da yatsa da tsumma mai ɗan sifirit, zai riƙa naɗewa yana fita. Idan ka gama ka ɗauki hoton gam ɗin asali da ke ƙarƙashi ka turo mini, musamman wajen sukurori huɗu na kusurwa, ina so in ga ko robar ta fara tsagewa.